Kwana Uku

Ke da kika iso daren Laraba
a Barau Dikko, bayan an yi wa uwarki aiki,
bari in ba ki labarin rabon da aka yanka mana.

Na shiga ofis da takarda,
sau biyu na rubuta ta, ta farkon gumi ya jiƙa.
Manaja ya sauke tabarau ya ce,
"Tanimu, kai ka yi naƙudar?"
Akawu ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.
Ni ma na dara,
mai kwano a hannu ba ya ɓata fuska.
Kwana uku, in ji shi,
a cire daga hutun shekara.

Na farko ya ƙare a layin kantin magani.
Na biyu na koyi ɗaga Lubabatu daga katifa
ba tare da ɗinkin ya ja ba.
Na uku na adana shi don ranar suna
kamar tsokar ƙarshe a gindin kwano.

Ita kuwa, makarantar kuɗin da ke Barnawa
ta ce sati shida, rabin albashi,
in ta ƙara yini ɗaya akwai mai jiran allinta.
Shekara bakwai tana koya wa 'ya'yan wasu ƙirga,
yau ga ta tana ƙirga kwanaki
a kalandar bango, kina tsotso.

Kakarki na Soba, gwiwa ta hana ta mota.
Ni ke hura wutar ruwan jego
ƙarfe huɗu na asuba,
kafin bas ɗin Kakuri ya danna ƙaho a bakin titi.

A wurinmu, in inji ya ɗau zafi
kashe shi ake yi ya huce.
A rubuta awanninsa a littafi,
ba mai ce masa rago.

Jiya a aikin dare Ishaku ya raɗa mini
cikin matarsa ya shiga wata takwas.
Muka yagi takarda a bayan injin kwalba,
mutum goma sha huɗu suka sa hannu,
Baba mai gadi ya dangwala yatsa.
Ban san me za ta haifa ba.

Na dawo, kina farke.
Kika damƙe babban yatsana,
tawadar ba ta gama fita ba,
kika ƙi saki,
bas kuwa yana ta ƙaho.