Ladan Ɓarar Zoɓo

Ranar Laraba dillalin Maigatari ya ɗaure buhun ƙarshe,
ya lashi yatsa, ya ƙirga, ya miƙa wa Delu:
dubu ashirin da bakwai
da ɗari bakwai da ashirin,
ladan kwana tara.
Hannuwan matan sun yi ja kamar sun kwana da lalle.

Ni aka kira, don ni ke riƙe da lissafi a aji biyar.
Na tsuguna a gindin darbejiya,
na zana adadin a ƙasa da kara,
sai dariya ta kama ni.
Na san shi. A Gumel muka haɗu,
tun ina ɗalibi mai wando ɗaya.

Na ce, wannan adadi ɗan halak ne.
Ku zo ku biyu, zai rabu. Ku zo ku uku, zai rabu.
Bakwai, tara, goma sha ɗaya,
har sha biyu ba ya barin ko ƙwaya a tabarma,
kuma duk wanda bai kai shi girma ba
bai iya wannan kyauta ba.
In ka kwance shi kamar dami
za ka ga biyu guda uku, uku guda biyu,
ga biyar, ga bakwai, ga sha ɗaya can ƙarshe,
tsofaffin da ba a tsaga su.
Ƙofa casa'in da shida gare shi.
Tara 'ya'yansa wuri ɗaya,
sun ninka shi uku har da ɗori.
Amma ƙara masa naira ɗaya tak,
kowane rabo kuka yi
ɗayar tana tsaye tana kallonku.

Hansai ta sosa tsintsiyar hannu ta ce,
Malam, ba wa'azi muka zo ji ba,
nawa-nawa ne?

Na ƙirga kawuna, sha biyu cif.
Dubu biyu da ɗari uku da goma,
na faɗa da murya irin ta mai gayya.

Sai ga ƙarar sanda a bayan danga.
Tabawa ce, wadda ido ya bari tun bara.
Kwana uku ta zo, da lalube take ɓara,
abin da ta tara bai cika ƙwarya ba.
Ba wanda ya rubuta ta.

Sha uku.
Na sake zane, na share, na sake.
Ɗan halak ya juya baya,
huɗu suka rage, ba su da uwa,
kuma wa ya ga naira huɗu a ƙauyen nan
tun da Talatuwa ta yaye autanta?

Delu ta sa ƙafa ta shafe lissafina.
Ta ce, kowa dubu biyu da ɗari,
Tabawa ta fara karɓa,
saura a sayo man kaɗanya,
hannu ya sha ƙaiƙayi.

Na cire a zuci: ɗari huɗu da ashirin.
Shi ma na san shi, ƙanen wancan ne,
daga ɗaya har bakwai ba ya barin saura.
Na buɗe baki zan faɗa,
na ga Tabawa tana shafa takardun ɗaya bayan ɗaya,
leɓenta na motsi.
Na tashi na kakkaɓe wando,
na karɓi aiken man.