Miyar Dare Na Huɗu

Su sukan fita tun assalatu,
ni ina nan.
Tarko ya ci rabonsa a ƙafata ta hagu
shekarar da fara ta cinye gero,
tun daga nan gorata ta koma muciya.

A dajin bayan Ka'oje, gindin wata tsohuwar ƙirya,
nan muka kafa zango.
Duwatsu uku na ɗauko a bakin rafi,
biyu suka zauna daram,
na ukun sai da na sa masa waigi.
Shi ma ɗingishi yake, muka saba.

Ranar farko Arzika ya shigo da gada a wuya,
Labbo da zabi biyar ɗaure da ɓawon kalgo.
Na babbake, na feɗe,
hanta ga wanda ya harba,
kayan ciki ga Bar-su da Kwana-nawa
masu kaɗa jela tun kafin wuƙa ta fito kube.
Sauran na jera a kan ragar ɗanyen itace,
hayaƙi ya kwana yana lasa.
Abin da ya hau banda na iyali ne,
ba a sauke shi don cikin da ke dawa.

Rana ta biyu zomo guda.
Ta uku gafiya,
aka raba ta goma sha ɗaya, kowa ya sami ƙamshi.

Ta huɗu na zazzage buhu.
Garin dawa tiya ɗaya da ɗan ƙari,
kuka, ƙullin kanwa, daddawa uku,
barkono mai yawa, shi kaɗai bai yi rowa ba.
Can ƙasa hannuna ya taɓa wani ƙunshi
a yagin tsohon zane da na sani.
Gwamma!
Ɗiyar Sarkawan Lolo ba ta jin magana.
Sau nawa na ce mata maharbi ba ya tafiya daji da kifi?
Ga tarwaɗa huɗu, baƙaƙe, sun naɗe kamar gammo.

Mutanen nan in sun ƙoshi
masunta suke yi wa dariya,
wai jarumtaka ce kama abin da ba shi da ƙafar gudu?

Na duba gabas, na duba yamma.
Na zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya,
na dandaƙa a kan dutse har ta koma gari,
na danne ta da daddawa, na rufe da barkono,
na kaɗa kuka a kai.
Tukunya ba ta tsegumi,
tafasa kawai take.

Da almuru suka dawo.
Babu ƙaho, babu kirari,
bindigogi rataye, ko toka ba su ƙona ba,
karnuka na jan harshe a ƙasa.
Na kwashe tuwo, na zuba miya, na koma gefe
ina gyara wutar da ba ta nemi gyara ba.

Shiru, sai ƙarar haɗiya.
Ɗantani, yaron da bana ya fara bin dawa,
ya zaro wani siririn abu daga haƙorinsa,
ya ɗaga shi ga hasken wuta, ya buɗe baki.
Arzika ya taka masa ƙafa.

Sarkin dawa Mande ya suɗe yatsu biyar,
ya dube ni ta cikin hayaƙi.
"Nomau, wagga gada taka ta jima cikin ruwa."
Na ce, "Ranka shi daɗe, bakin gulbi anka haihe ta."
Ya miƙo akushi.
"Ƙaro."

Da suka kwanta na tattara ƙayoyin,
na ɗaga dutse na uku, na binne, na mayar da waigi.
Na cuɗa tukunya da yashi sau biyu.

In mun koma gari maroƙa za su tare su,
a kira mai harbi, a kira kare, a kira har kakan kare.
Ni zan bi ta bayan masallaci da buhuna,
in miƙa wa Gwamma yagin zanenta a wanke.
Ba za ta tambaya ba.
Za ta shinshina shi dai.