Mutum Na Sha Biyu

Da asuba na leƙa ta tagar ɗakinmu a Obalende,
hadari ya sauko ƙasa-ƙasa daga wajen teku,
iska ta yi nauyi kamar rigar da ba ta bushe ba.
Na ce wa raina: Barau, yau taka ce.
A ƙarƙashin irin wannan sama
ƙwallo ba ta san miƙe hanya ba.

Shekara tara ina goga mata kunci ɗaya a cinyar wandona
har wurin ya yi ja kamar bakin mai cin goro,
ɗaya kuncin na bar shi da kaushinsa.
Ɗinki a tsaye, yatsa biyu a kai.
Sai ta tashi kamar za ta Ikoyi,
ta sake shawara a cikin iska,
ta sauka Idumota.
Mai katako ya kai duka inda take ɗazu.

Takarda na manne a ƙofar ɗakin sauya kaya.
Na karanta daga sama zuwa ƙasa,
na sake daga ƙasa, ko idona ne.
Suna sha ɗaya cif. Sai layi.
Ƙarƙashin layin, ni.

Mista Oyelaran ya dafa kafaɗata, idonsa na wani wuri:
"Waya ta ce rana za ta fito da hantsi.
Mai ƙarfi muke so, yaron nan Folarin,
jifansa kamar danfo da birki ya tsinke."
Na ce to.
Shi waya ya duba, ni sama na duba,
kuma alƙalami a hannunsa yake.

Daren jiya a teburin Ilu mai shayi
mun kalli kurket na manyan ƙasashe a talabijin,
wanda ake kwana biyar ana yi,
a tafi cin abinci a dawo, a sha shayi a dawo,
wani sa'in a watse ba wanda ya ci wani.
Ilu ya ce, "Wannan wasa ne ko shari'ar gona?"
Na yi dariya har na ƙware.
Ban kula da wani a gefen allon ba,
zaune da tawul a wuya, yana gadin gorunan ruwa.

Hantsi ya yi, rana ba ta zo ba.
Folarin ya yi jifa shida, ya ƙara shida,
kowace ta tafi sak kamar an ja mata zare,
sau biyar ana kora ta bakin igiya.
Daga benci nake ganin kuskurensa:
kunci biyu yake gogewa, yaro,
yana share mata wayon da take da shi.

Aka ɗaga hannu, lokacin ruwa.
Na ɗauki kwando na ruga.
Zuciya ta ce, yi shiru, bar su su ɗanɗana zaɓensu.
Tsawon fili ina jin ta, kuma na so maganarta.
Da na miƙa masa gora, hannunsa na rawa,
sai na ji bakina yana cewa,
"Kunci ɗaya, ƙanena. Rage ƙarfi.
Iskar nan ma'aikaciya ce, bar ta ta ci guminta."

Jifa na uku bayan haka
ƙwallo ta nufi waje, ta tuna mantuwa, ta dawo.
Turken tsakiya ya kwanta.
Aka ɗaga Folarin sama,
Mista Oyelaran na tafi yana tambayar na kusa da shi,
"Kun ga abin da na gani a yaron nan?"

Ni ma na tafa. Wallahi na tafa.
Sannan na ƙirga goruna, ɗaya ba murfi,
na bi ciyawa ina nema.

Da magariba yayyafi ya sauko a kan Onikan.
Na tako gida a ƙasa, takalma a jaka.
Azumi ta karɓi wandon za ta jiƙa,
ta juya shi gaba da baya a gaban fitila,
fari fat, ko ɗigon ja babu.
Ba ta tambaya ba.
Ta ninke shi, ta ɗora a kan akwati.