Ƙofa Ta Ƙarshe a Hannun Hagu

A Oulu, in watan Nuwamba ya kama,
rana kan leƙo ne kamar mai bin bashi,
ta ga ba kowa, ta juya.
Ni kuwa tun bakwai na kunna fitila
a ɗakin da ke ƙarƙashin laburare,
ƙofa ta ƙarshe a hannun hagu,
bayan injin shayin da ya lalace tun bara.

An rubuta a jikinta: Taimakon Ɗalibai.
Ba mai son a gan shi yana karantawa.

Verneri ya zo aron almakashi.
Sau uku a mako guda, almakashi.
Me kake yankawa haka, ɗan nan?
Bakinsa na gaisuwa, idonsa na kan kanta,
inda taliya take, da dankali, da kifin gwangwani.
Na ce zan hau sama in duba wasiƙu,
minti goma, ka kula mini da ɗakin.
Da na dawo almakashi na kan tebur,
kanta ta yi giɓi kamar bakin ɗan shekara bakwai.
Ban ƙirga ba.
Ba ƙirga aka ɗauke ni yi ba.

Sointu kuwa haruffa ne ke mata gardama.
Shekara ashirin da biyu tana zaton ita ce daƙiƙiya,
ba ta san su ne ke musayar wurin zama ba
duk sanda ta ɗora musu ido.
Takarda ɗaya muka cike.
Aka ƙara mata awa guda a jarrabawa,
aka ba ta na'urar da ke karanta mata littafi a kunne.
Ta zauna a kujerar nan mai ƙara
ta yi kuka, ba na murna ba,
na shekarun da ba wanda zai biya ta.

Akwai wanda ya fi ƙarfina.
Ilmari, ɗan masu kiwon barewar arewa,
kilomita ɗari huɗu daga gida,
barci ya ƙaurace masa tun Satumba.
Na sa sunansa a layin ganin likitan damuwa,
aka ce sai mako tara.
Na buga waya, na yi faɗa, aka ce shida.
A na biyar ya mayar da makullin ɗakinsa.
Safar hannunsa tana aljihun teburina har yau,
ta hagu, mai jan zare.

Manya kan sauko sau ɗaya a shekara
da takarda mai layi-layi:
Aulikki, mutum nawa? Kashi nawa cikin ɗari?
In ba su lamba, su hau bene.
A wane gurbi zan sa yarinyar da ke zuwa
don kawai ta zauna kusa da hita,
inda ba mai tambayar ta komai?

Ga abin da ban taɓa sawa a rahoto ba.
Shekara talatin da ɗaya ke nan
na tsaya a bakin wannan ƙofa,
lokacin fentinta kore ne.
Kuɗin haya sun ƙare, ga ciki wata huɗu.
Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa
sai na ji dariya a ciki.
Wataƙila ma ba da kowa ake ba.
Na sauke hannun, na sa shi a aljihu,
na bi jirgin ƙasan yamma.
Karatun yana nan inda na ajiye shi.

Shi ya sa nake tokare ƙofar da tsohon ƙamus,
ko da sanyi na shigowa yana cizon ƙafa,
ko da mai gadi zai yi ta mita kan dokar gobara.
Na san nauyin hannu in an ɗaga shi,
na san bai kai na saukewa ba.

Yanzu uku da rabi, duhu ya riga ya zauna.
Ina jin taku a matakala.
Ya tsaya.
Ya koma sama taki biyu, ya sake tsayawa.
Ba zan leƙa ba.
Bari in ɗora ruwan zafi,
in fito da almakashi.