Lamba Shida

Shekara talatin da huɗu Baba yana awo a Kasuwar Rimi.
Yakan ƙwanƙwasa gindin tiya da yatsa
ya gaya maka ko an bubbuge ta.
Yakan zura hannu a buhu har gwiwa
ya zaƙulo tsakuwar da aka kwantar a ƙasa.
Bai taɓa cinikin biri a sama ba.

Sai wata Laraba bayan la'asar
wani yaro ya kira, murya kamar ruwan randa:
"Alhaji Tanimu, Allah ya ƙara girma, daga banki ne.
Za a rufe asusunka kafin magariba.
Karanto mini lamba shidan da ta shigo yanzu."

Baba ya laluɓo tabarau, ya matsa bakin taga,
ya karanta dalla-dalla, har sau biyu,
don kada ya wahalar da ɗan mutane.

Kuɗin aikin idonsa ne.
Dubu ɗari biyu da sittin.

Kwana tara bai gaya wa kowa ba.
Inna Tabawa ce ta ga tuwo yana dawowa yadda ya tafi,
rediyo a kashe, dattijo yana kallon bango.

Na taso daga Kurna a adaidaita sahu,
bakina cike da faɗa.
A soro na same shi, hula a gwiwa,
mutumin da ya riƙe hannuna
ya tsallakar da ni titin Ƙofar Nasarawa.
Na haɗiye faɗan, ya wuce da ƙyar.

Ya ce, "Uwani, ya san sunana.
Kuma ya iya gaisuwa."

Na ce, "Baba, lambar nan makullin rumbu ce,
banki ba ya aiko yaro karɓar makulli.
Kai ka koya mini:
mai cewa auna maza-maza,
akwai tsakuwa a buhunsa."

Bokon yana yi masa rawa a ido,
sai na rubuta da ajami, manya-manya,
na manna a bayan wayar da salatif:
Kashe. Kira Uwani.
Inna ta ce ita ma a manna mata,
ko da yake ba ta karatu, za ta tuna da takardar.

Mako uku, suka dawo.
Mace ce wannan karon, wai ya ci kujerar Makka,
sai dai kuɗin fom.
Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, na ji shi:
"Madalla, 'yata. Ina Yakasai, gidan mai darbejiya.
Zo da kujerar in ƙwanƙwasa gindinta."

Layin ya mutu.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya ce a ɗumamo masa tuwon jiya.

Idon dai har yanzu da yana.
Mun shiga adashi, ni da Sabi'u,
kwasarmu sai watan Rajab.