Gonar da Na Sayar

Ni na sayar da gonar nan, ba wani ba.
Shekarar da Ma'azu ya gama sakandare
na kira Alhaji Ɗan Jimma bakin gulbi,
muka taka iyaka daga gawo zuwa tsohuwar rijiya,
ya ƙirga mini jikka ɗari huɗu a inuwar motarsa.
Ban waiwaya ba.
Na ce wa yaron: tafi jami'a, riƙe alƙalami,
kanta ta ƙare a tafin hannuna,
kada in gan ka da hauya ko a mafarki.

Ya tafi, ya dawo da takarda mai hatimi.
Muka sa mata gilashi, muka rataye ta sama da rediyo.
Sai jira.
Farar riga ɗaya, kullum guga da gawayi,
dosiye a hammata, daga wannan biro zuwa wancan:
dawo Litinin,
mai sa hannu ya tafi Yamai,
bana ba a ɗauka.
Damina huɗu Maraɗi ta ci masa dugadugan takalmi.
Da maraice sai fada, shayi na ɗaya, na biyu, na uku,
har ganyen ya daina ba da launi.
Abokansa biyu sun bi hanyar Agadas.
Ɗaya yana aiko murya a waya.
Ɗayan, uwarsa ta bar tambaya.

Wata asuba na ji motsi a bayan rumbu.
Na ɗauka ɓera ne.
Ma'azu ne, yana kaɗe tsatsa daga hauyata.

Ashe ya je wurin Alhaji ya karɓi hayar rubu'in gonar,
gonar da aka sayar don kada ya taka ta!
Shi da Zuwaira, mai karatun lissafin kuɗi,
da Nafi'u ɗan kabu-kabu, wanda ya ce babur ne jarinsa.
Suka ci bashin injin ban-ruwa mai farantin sola.
Ni kuwa na canza hanyar masallaci,
don 'yan majalisa sun fara tambaya cikin ladabi:
wai mai digirin ne muka gani da kwandon taki?

Tumatir ɗin farko ya nuna rana ɗaya da na kowa.
Kwando bai biya kuɗin amalanke ba,
rabi ya ruɓe a bakin kasuwa, awaki ma suka ƙoshi.
Daren nan bai taɓa tuwo ba.
Na so in ce na faɗa maka,
sai na ga ya buɗe littafi yana rubuta asarar, lamba bayan lamba,
na haɗiye maganata da ruwa.

Suka koma zogale.
A tsinke, a shanya a inuwa, a daka, a ɗura a leda mai suna.
Zuwaira na karɓar oda a waya, daga Damagaram, daga Jibiya,
Nafi'u na kai kaya tasha kafin shagunan gari su buɗe.
Yanzu samari shida ke karɓar kuɗin yini a hannunsa.
Bashin bai ƙare ba, saura biya uku,
gonar kuma har yau ta Alhaji ce.

Jiya na je. Na ce wucewa nake yi.
Na tarar zai dasa albasa gindin gawo,
na ce a'a, nan ruwa ke kwana, sai ka matsa gabas taki goma.
Bai yi gardama ba.
Ya zaro alƙalami daga aljihu,
alƙalamin da na sayar da ƙasar nan don ya riƙe,
ya rubuta maganata.

Sai ya miƙo mini bakin tiyo.
Tsakar rana, ranar da ta ƙone mini gero sau bakwai,
ita ce ke jawo ruwa daga ƙasa,
mai sanyi, yana bin yatsuna.
Na tsaya riƙe da shi har azahar ta kusa kuɓuce mini.