Gurbi a Kan Benci

Ƙarfe tara da rabi nake kife tukunyar romo,
in goge hannu da ɓawon lemun tsami,
warin tafarnuwa dai yana nan daram.
Jirgin ruwan ƙarshe ya wuce mashigin Thonburi,
igiyarsa na marin ƙafafun gidanmu na katako.

Samniang ta riga ni zama.
Shekara saba'in da huɗu, haƙori biyar,
ta jingina wayar jikarta da kwalbar miyar kifi.
Rattikan mai gyaran gashi ta iso
da ɗanyen mangwaro, gishiri da barkono a ƙullin leda.
Mu uku, benci ɗaya,
allo bai fi tafin hannu ba.

Yau kashi na tara.
Samari biyu cikin fararen rigunan jami'a,
ɗaya mai tabarau, ɗaya mai bakin tsiya.
Sati takwas suna musu a kan laima guda,
sati takwas ruwa na dukan kafaɗar mai bakin tsiya
don ya karkatar da ita can ɓangaren,
wai hannunsa ne ya gaji.
Samniang ta buga cinya:
"Ƙarya kake, yaro! Mu ma mun yi zamani."

Ranar Talata na ƙasar Sin muke kallo.
Can ba a faɗa da baki,
sai dogayen hannayen riga, da duwatsu cikin hazo,
wani ya zuba wa wani shayi
ya jira ya huce kafin ya miƙa.
Rubutun ƙasan allo ya ce aminai ne.
Rattikan ta yi tsaki, ta ce to, aminai.
Shekara ashirin da aurena,
ba wanda ya taɓa jiran shayina ya huce.

Ni ban san me ke kama ni ba.
Wataƙila jinkirin ne.
Yini guda ina zuba taliya cikin sauri,
kwano ya tafi, kwano ya dawo,
ga mutum biyu sun ɗauki wata biyu
kafin yatsa ya taɓa yatsa.

Sai katako ya yi ƙara a bayana.
Na san takun, ni na koya masa tafiya.
Phuwadon ne, ɗana, ya dawo daga garejin babura,
baƙin mai har gwiwar hannu,
ya tsaya a bakin ƙofa wai ruwa yake nema.
Randa tana hagu. Idonsa na dama.
Juma'a ta huɗu ke nan yana jin ƙishirwa a wannan lokaci.

A allo mai tabarau ya tsaya gaban mahaifiyarsa,
bakinsa na rawa, magana ta maƙale.
Na ji numfashin ɗana ya tsaya tare da nasa.
Na tuna yaron nan mai kawo mana ƙanƙara
da yake daɗewa wajen ƙirga canji,
na tuna hular kwano ta biyu
da ke rataye a babur tun damina.

Ban waiwaya ba.
Tsuntsun da ya sauko da kansa
ba a ɗaga masa hannu.
Na dai matsa, na matse Samniang,
ta yi mita, ta dube ni, ta dubi ƙofa,
ta haɗiye sauran mitar da mangwaro.

Gurbin bai fi taki ɗaya ba.
Ya daɗe a buɗe, sauro na ratsa shi.
Talla ta shigo, ta sabulu, ta fita.

Sannan benci ya nitse kaɗan ta gefena,
warin man inji ya haɗu da na tafarnuwa.
Rattikan ta miƙa ledar ba tare da ta kalle shi ba.
Ya ɗauki yanka ɗaya, ya dangwali barkono da yawa,
ya ce shi ne ya sa masa hawaye.

Na ce, haka barkonon bana yake.